Yadda Za Ka Zana Samfurin Kwastoma Kafin Ka Kashe Riyal Ɗaya a Tallan Intanet

Yawancin tallan da 'yan kasuwarmu na Jidda da Makka da Madina ke sakawa a intanet kusan lafazinsa ɗaya ne: hoton kaya, a ƙasa a rubuta "Sabbin kaya sun iso, mai buƙata ya yi magana." Wani ya ƙara da biyan Facebook ko Instagram don a yaɗa masa. Masu danna alamar so su taru, masu tambayar "nawa?" su tambaya su ɓace, wata ya mutu ba a ga ciniki ba. Sai a ce kasuwa ce ta yi sanyi, ko a ce baki ne. Alhali sau da yawa kayan ba su da aibu, farashin ma daidai yake. Tallan ne bai san da wa yake magana ba. Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to mai talla ya fi mai zagi buƙatar wannan sanin, tunda shi kuɗi yake biya kafin a ji shi.

Samfurin kwastoma shi ne ka ɗauki mutanen da ke saye a wurinka, waɗanda buƙatarsu da halinsu na saye suka zo ɗaya, ka dunƙule su su zama mutum guda a kan takarda: ga inda yake zaune, ga abin da ya kawo shi, ga abin da yake tsoro, ga yadda yake biya. Daga nan duk tallan da za ka rubuta, shi kake fuskanta. Dabarar ta fito ne daga masu ƙera manhajojin kwamfuta. Wani Ba'amurke, Alan Cooper, shi ya yaɗa ta a littafin da ya fitar a 1999, daga baya masu talla suka ara. Manyan kamfanoni ƙwararru suke biya su yi musu. Kai mai shago ɗaya, ko ke mai sana'a daga ɗaki, waya da littafin ciniki sun ishe ku.

Zan yi misali da mai sayar da abaya da turare a Jidda. Mai dabino, mai kilishi da yaji, mai kargo, kowa ya ɗora nasa kayan a kai.

Mataki na farko: koma kan cinikin da ka riga ka yi

Kada ka zauna kana ƙirƙiro kwastoma da ka. In ka yi haka, wanda kake fata za ka zana, wanda ke biyanka kuwa ka bar shi a waje. Buɗe WhatsApp da saƙonnin Instagram da littafin ciniki, ka ciro ciniki hamsin na baya-bayan nan, in bai kai ba ka ɗauki abin da ke akwai. Ka ja layuka a takarda ko a Google Sheets, kowane ciniki layi ɗaya. Ka rubuta garin da mai sayen yake, abin da ya ɗauka da adadinsa, ribar da ta rage bayan an cire kuɗin mandub mai kai kaya da na kargo, ta inda ya san ka, harshen da ya yi magana da shi, rubutu ya yi ko murya ya turo, da ƙarfe nawa, kwana nawa ya yi kafin ya biya, ta wace hanya ya biya, ya sake dawowa ko shiru.

Akwai gurbi ɗaya da ya fi duk waɗannan daraja, shi ne tambayarsa ta farko bayan sallama. Ka kwafe ta da kalmomin mai ita, kada ka gyara. Dubi waɗannan: "Hajiya, in na ɗauki dozin biyu nawa za ki bar min?" Wata kuma ta rubuto da Larabci tana tambayar ko akwai lamba 56, kuma ko za ta iso kafin Alhamis. Wani dattijo ya turo murya: "Malam, kilo nawa ne in aka haɗa duka?" Kaya ɗaya suke tambaya, amma ta farko riba take lissafi, ta biyu biki ne a gabanta, na uku ma'aunin filin jirgi yake tunani. Talla ɗaya ba zai kama su duka ba.

Sai ka ƙara da hira ashirin da suka mutu ba a yi ciniki ba. Ka duba a ina maganar ta tsaya. Bayan ka faɗi farashi ne? Bayan ka ce sai an tura kuɗi kafin kaya? Ko bayan ka yi awa shida ba ka amsa ba? Mutane ba sa son wannan aikin don yana da ɗaci, amma rabin abin da za ka rubuta a talla daga nan zai fito.

Ka kula da lokacin da cinikin ya faɗo. In duk hamsin ɗin na goman ƙarshe na azumi ne, ko na bayan Arfa, hoton da za su ba ka na kaka ne kawai. Haɗa da na watannin da kasuwa ke kwance, kamar Safar ko Jimada.

Wannan takardar kuma amana ce, doka ma ta shigo ciki. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a 14 ga Satumban 2023, aka ba da shekara guda a gyara, ta kama kowa tun 14 ga Satumban 2024, hukumar bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke kula da ita. Ba a tura wa mutum saƙon talla sai da yardarsa. Don haka a takardar nazari ba ka buƙatar suna ko lambar waya, lambar layi ta isa.

Mataki na biyu: kira mutum goma

Takarda za ta gaya maka abin da aka yi, dalili kuwa sai daga baki. Zaɓi mutum goma: wasu da suka saya sau da yawa, wasu sau ɗaya, biyu ko uku da ba su saya ba. Ka nemi izini tukuna, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce minti biyar kake roƙo.

Matsalar ita ce kunya da kara. Bahaushe ba zai ce maka kayanka sun yi tsada ba, ko bai yarda da kai ba. Zai ce "zan waiwaye ka", mace ta ce "sai na yi shawara da maigida". In ka tambaya "Yaya kika ga kayanmu?" amsar da za ka samu ita ce "Masha Allah, Allah ya ƙara buɗi", ka ajiye waya ba ka ƙaru da komai ba. Saboda haka kada ka tambayi ra'ayi, tambayi labari. "Hajiya, abaya ta ƙarshe da kika saya, a ina kika gan ta? Wa kika nuna wa kafin ki biya?" "Yaya, an taɓa turo miki kaya suka zo ba yadda kika gani ba? Me ya faru?" Mutum ya fi sakin baki a kan laifin wani ɗan kasuwa fiye da naka, kuma tsoron da ya kwaso daga can shi ne yake tsaye tsakaninku. Tambaya ta ƙarshe: "Da ba ki same mu ba, wa za ki nema?" A nan za ka san abokin gasarka na gaskiya, wanda sau da yawa ba shago ba ne, 'yar uwarta ce da za ta zo Umara wata mai zuwa.

Ka yi shiru ka bar su su yi magana, ka rubuta kalmominsu. Namiji mai kiran matan aure ya fi kyau ya sa matarsa ko ƙanwarsa ta yi kiran, za a fi sakewa da ita.

Mataki na uku: kasa su kashi-kashi

Yanzu ka baje layukan ka fara tara masu kama da juna. Kuskuren da aka fi yi shi ne kasawa da shekaru ko jinsi: mata 'yan 25 zuwa 40. Wannan ba ya gaya maka komai, don 'yar shekara talatin mai sari a Kano da 'yar shekara talatin ma'aikaciyar asibiti a Jidda ba abin da ya haɗa su sai shekarun. Ka kasa da abu biyu: me ya sa yake saye, me kuma yake tsoro kafin ya biya. In ka yi haka, za ka ga gari da harshe da hanyar biya sun bi sahu da kansu.

Kashi biyu ko uku sun isa. Wanda ya fito da bakwai bai kasa ba, ya sake jera sunaye ne. Za ka kuma tarar da wani tari na masu "nawa?" da ba su taɓa saye ba. Kada ka zana musu samfuri don ka jawo su, ka san su ne don ka daina biyan kuɗi ana kai musu tallanka.

Mataki na huɗu: rubuta kowane samfuri a shafi ɗaya

Ka ba shi laƙabi da zai zauna a baki, ka rubuta shi kamar kana ba sabon yaron shago labarinsa. Duk jimlar da ka sa, ka iya nuna layin da ta fito. Ga yadda na mai abaya zai iya kasancewa.

Hajiyar Sari. Tana Kano ko Maraɗi, tana da shago ko tana sayarwa daga gida. Dozin take ɗauka, sau uku ko huɗu a shekara. Murya take turowa, da Hausa, bayan ta sallami yara, wajen ƙarfe tara na dare agogon Najeriya da Nijar, wato sha ɗaya a nan, tunda Saudiyya na gaba da awa biyu. Ba ta taɓa ganin ka ba, don haka tana tsoron ta tura kuɗi a toshe ta, tana tsoron kaya su iso ba irin na bidiyo ba. In ta Najeriya ce, tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta ƙara da tsoron farashi ya canja tsakanin ranar da aka yi magana da ranar biya. Ba kyan abaya take kallo ba kamar yadda take kallon ko za ta shiga a kasuwarta. Maganarta: "Don Allah ki fita da ita rana in ga baƙin, kada ta zo ta koɗe. Ki juya min cikin in ga ɗinkin." Abin da ke sa ta biya: bidiyo marar kwalliya, farashin dozin a fili, hoton takardar kargo, da jin cewa wata da ta sani ta taɓa karɓar kaya daga hannunka.

'Yar Gida. Haifaffiyar Makka ce ko Jidda, kakanninta ne suka zo. Tana jin Hausa, tana yi da iyayenta, amma Larabci take karantawa take rubutawa, rubutun boko na Hausa wahala yake ba ta. Snapchat da TikTok take zama. Ɗaya take saye, don biki ko salla. Da katin banki na Mada ko Apple Pay take biya, tana tambaya ko akwai Tabby ko Tamara don ta biya kashi-kashi. Tana gwada ka da shagunan da ke kan dandalin cinikin intanet na Salla da Zid, da manyan kasuwannin intanet irin su Noon, ba da maƙwabcinka ba. Ta san dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba ta damar mayar da kaya cikin kwana 7 in ba ta yi amfani da su ba, da damar soke ciniki in kaya suka yi jinkiri fiye da kwana 15. Tsoronta tsawo ya ƙi daidai, ko mandub ya iso bayan an watse.

Alhajin Tsaraba. Baƙo ne, kwanakinsa ƙidayayyu. Da takarda a aljihu mai sunayen mata da 'ya'ya da surukai. Tsabar riyal yake riƙe da ita, bai san gari ba, ba ya jin Larabci, yana zargin ana ninka masa farashi. Nauyin jaka ne ke hana shi barci. Ba ya saye shi kaɗai, in ka gamsar da ɗaya, ɗaki guda ka samu.

Ka lura babu launin da take so ko irin motar mijinta. Duk abin da ba zai canja kalma ɗaya a tallanka ba, ka bar shi.

Mataki na biyar: zaɓi wanda za ka fara da shi

Tara ribar kowane kashi daga takardarka, ka duba wa ke dawowa. Sau da yawa wanda ya fi cika maka waya da saƙo ba shi ne ya fi kawo riba ba. Fara da guda ɗaya, wanda ribarsa ta fi kuma kake iya cika masa alkawari. In ba ka da amintaccen kargo, kada ka kira Hajiyar Sari tukuna. In ba ka da na'urar karɓar kati ko shagon intanet, 'Yar Gida za ta leƙo ta wuce.

A nan ne wurin faɗin wata magana da ba a son ji. Talla fito da mutum fili yake yi. Baƙon da ke zaune da igama, wato takardar izinin zama, yana juya kasuwa da sunan ɗan ƙasa ya faɗa cikin abin da ake kira tasattur, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Gyara takardun kasuwarka, ka yi rajistar shagon intanet ɗin a hukumance, sannan ka ɗaga murya.

Mataki na shida: rubuta tallan kamar saƙo ga mutum ɗaya

Ajiye shafin samfurin a gabanka. Jimlar farko ta kira shi, ta biyu ta taɓa tsoronsa, ta uku ta kawo hujja, ta ƙarshe ta gaya masa abu ɗaya da zai yi. Kalmomin kuma nasa ne, waɗanda ka kwafa a mataki na farko da na biyu.

Na Hajiyar Sari bidiyo ne na daƙiƙa talatin, an ɗauka a tsakar gida da rana, hannu na juya abayar ana ganin ɗinkin ciki, murya na cewa: "Masu sari na Kano da Maraɗi, ga abayar yadin nida baƙa wuluk, kun gan ta a rana. Lamba 54 zuwa 60 a kowane dozin. Farashin da muka yi magana shi ne har kwana uku, ko canji ya motsa. Kafin kaya su tashi za mu turo miki bidiyon ɗaurinki da takardar kargo. Taɓa nan ki ce SARI." Babu kiɗa, babu ƙyalli. Gyaran hoto da yawa ma ƙara mata zargi yake yi.

Na 'Yar Gida akasin haka ne. Hoto mai tsabta, a tsaye don ya cika fuskar waya, rubutu da Larabcin da ake yi a Hijaz ba na littafi ba, farashi a rubuce har da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, teburin tsawo, da alkawarin kwanan da kaya za su iso. Hausa ta shigo ta murya, kalma ɗaya ko biyu, ko ta sunan humra da turaren wuta irin na gida. Wannan ɗan gishirin shi ne abin da manyan shaguna ba su da shi. Amma kada ka cika, ba ta son a riƙa tuna mata asali a kowace jimla kamar baƙuwa, ita 'yar gari ce. In ba ka iya Larabcin ba, ka ba wani matashi haifaffen nan ya rubuta, fassarar na'ura daga nesa ake gane ta.

Na Alhajin Tsaraba kuwa ƙunshi za ka haɗa masa: abaya kaza, jallabiya kaza, carbi da turare, jimlar kuɗi kaza, nauyi kilo kaza, a kan sikeli ana gani, za a kawo har ƙofar masauki, sai ya gani ya biya. Rubutu kaɗan, murya a hankali.

Mataki na bakwai: inda za a sa shi, da yaushe

Ga wanda zai biya Facebook da Instagram, ka shiga Ads Manager, wato shafinsu na tsara talla, maimakon danna maɓallin yaɗawa da ke ƙarƙashin hoto, don a can ne za ka iya ware kowane samfuri da nasa rukunin talla da nasa kasafi. Ka zaɓi tallan da ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Ka sani tun Janairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya cire zaɓin kai talla ta ƙabila ko addini, don haka babu wani akwati da za ka danna a ce "Hausawa". Daga cikin abin da ke hannunka akwai wuri da shekaru da jinsi da harshe. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016, amma mutanenmu da yawa wayarsu na kan Turanci ko Larabci, in ka taƙaita da harshe za ka zubar da su. Bar wurin ya yi rabin aiki, kalmomin farko na bidiyon su yi sauran: wanda ba ya jin "masu sari na Kano" zai wuce da kansa.

Ga Hajiyar Sari ka sa garuruwa, ba ƙasa duka ba. Ga Alhajin Tsaraba ka dasa alama a taswira a unguwannin masaukai, kamar Misfala a Makka ko kewayen Harami a Madina, ka zagaye da kilomita ɗaya ko biyu. Gaskiya dai shi baki ya fi kama shi fiye da talla: kati mai lambar waya a hannun wanda ya riga ya saya ya fi bidiyo goma. Mai shago a Jidda kuma ya tuna ana hana shiga Makka ba tare da izini ba idan Hajji ya gabato, don haka ya kai kayansa da wuri, ya samu mai raba masa a ciki. 'Yar Gida a Snapchat da TikTok za ka same ta. In za ka ba wata mai mabiya ta tallata maka, tambaye ta lasisin Mawthooq na masu talla a shafukan sada zumunta, wanda aka wajabta tun Oktoban 2022, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku. Wadda ba ta da shi za ta ja muku tara ku biyu.

Lokaci ma na kowa daban ne. 'Yar Gida: albashin ma'aikatan gwamnati na shiga ran 27 ga watan Bature, don haka daga ranar zuwa farkon wata ne aljihu ke da nauyi. Hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, bukukuwa sun fi yawa daren Alhamis da Juma'a, tallan abayar biki ya fita tun Lahadi. A azumi gari ba ya farkawa sai bayan tarawihi, ciniki har sahur. Akwai 23 ga Satumba, ranar ƙasa, da 22 ga Fabrairu, ranar kafuwa, da rangwamen Farar Juma'a a Nuwamba, lokutan da manyan kamfanoni ke zuba kuɗi, talla ya yi tsada, ƙaramin ɗan kasuwa ya yi hattara. Hajiyar Sari kuwa kalandarta na gaba da ta kowa: kayan ƙaramar salla a Rajab da Sha'aban take nema, don kargo ya iso ta samu lokacin sayarwa. Wanda ya jira azumi ya kama kafin ya kira ta ya makara. Kuma tunda watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kada ka kwafi ranakun bara.

A cikin WhatsApp Business ka yi wa kowace hira laƙabin samfurinta. Jerin aika saƙo ga jama'a na ɗaukar mutum 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu. Yi jeri daban ga kowane samfuri, da waɗanda suka yarda kaɗai. Tura wa Alhajin da ya koma gida tun bara farashin dozin kowace safiya ba abin da zai jawo sai toshewa.

Mataki na takwas: gwada, ka auna da ciniki

Kowane talla ka ba shi kalmar shiga tasa, kamar SARI ɗin nan, ko ka rubuta saƙon farko da zai fito da kansa idan an taɓa. Da haka za ka san wace hira daga wane talla ta zo. Ga samfuri ɗaya ka yi talla biyu da suka bambanta a abu guda kawai, misali jimlar farko, ka ba su kuɗi daidai, ka bar su mako guda ba ka taɓa ba. Masu kashe talla bayan kwana ɗaya don ba su ga komai ba, da masu canja abu biyar lokaci guda, duk ba sa koyon komai.

Alamar so da yawan masu kallo ba su ne ma'auni ba. A ce, don misali, ka sa riyal 150 a kowanne. Na farko ya kawo hira 60, biyu suka saya, ribar kowanne riyal 40. Na biyu ya kawo hira 12 kacal, uku suka saya, ribar kowanne riyal 300. Allon Meta zai nuna maka na farko ne gwani don hirarsa ta fi araha. Littafinka zai nuna na farko ya ci maka riyal 70 da dare biyu na amsa "nawa?", na biyu ya bar maka 750. Saboda haka lissafin da za ka riƙa yi shi ne kuɗin talla a raba da yawan waɗanda suka biya, a gwada da ribar da suka kawo. Ga Hajiyar Sari ka ƙara haƙuri, tana iya yin mako biyu tana kallon abin da kake sakawa kafin ta tura ko sisi, kuma cinikinta na farko gwaji ne, dozin ɗaya.

In talla ya kawo hira amma ba ciniki, koma ka karanta inda suke tsayawa. Wataƙila tsoron da ka rubuta a shafin ba shi ne babba ba. In ya kawo mutanen da ba su ka kira ba, jimlar farko ce ba ta tace ba.

Mataki na tara: gyara shafin

Rubuta kwanan wata a saman kowane samfuri. Bayan azumi da bayan Hajji ka sake ciro sabbin layuka ka gwada da abin da ke rubuce, ka goge abin da ya tsufa. Canjin kuɗi, tsadar kargo, ko sabuwar manhaja na iya sauya halin mutum cikin wata shida. Wani lokaci ma sabon kashi ne zai ɓullo, kamar ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina masu saye don aikawa gida idan hutu ya zo. Sai ya kai layi goma a takardarka kafin ka ba shi shafi.

Ka kuma ba duk mai amsa wayar shagon kwafin shafukan, ko ɗanka ne ko yaron shago, ku zauna ku rubuta amsoshin tambayoyi biyar da kowane samfuri ya fi yi, ku ajiye su cikin amsoshin gaggawa na WhatsApp Business. Na Hajiyar Sari da na Alhaji a naɗe su da murya a ajiye daban a waya, na 'Yar Gida a rubuta da Larabci.